Waɗanne dodanni zan zuba a kogon da na zana da kaina?

Tambaya: Na zana kogo na ƙarƙashin ƙasa mai ɗaki goma sha biyu don wasan tebur na Dungeons & Dragons, bugu na biyar. 'Yan wasana huɗu ne, jarumansu duk suna mataki na uku. Littafin dodanni cike yake da ɗaruruwan halittu, na rasa ta inda zan fara. Yaya ake zaɓa, kada faɗan ya zama wasan yara, kada kuma in kashe su duka a ɗakin farko?

Amsa: Ɗan'uwa, rufe littafin tukuna. Wanda ya fara da buɗe littafi yana zaɓen dodon da zanensa ya burge shi, a ƙarshe gidan namun daji zai haɗa: ƙaton gizo-gizo a ɗaki na ɗaya, kwarangwal a na biyu, macijin wuta a na uku, ba wanda ya san dalilin da ya sa suke maƙwabtaka, ba wanda ya san abin da suke ci. 'Yan wasa suna gane wannan da wuri. Da sun gane sai su daina tunani, don babu abin da za su gani a wannan ɗaki da zai gaya musu abin da ke bayan ƙofa ta gaba.

Fara da wurin. Ka amsa tambaya uku a rubuce, kowacce da jimla ɗaya: wa ya gina shi, me ya kore shi, wa ke zaune a ciki yanzu? Mu ɗauka tsohon ramin haƙar azurfa ne, masu haƙa suka fasa wata makabarta da ke ƙasa ba da saninsu ba, abin da ya fito daga ciki ya watsa su, bayan shekaru gungun gobilin, ƙananan mugayen halittu masu siffar mutum, suka mamaye hawan sama. Ka ga daga jimla uku ka sami gida biyu na dodanni, masu rai a sama, matattu masu tafiya a ƙasa, kuma ba sa ga maciji da juna. Kogo mai ɗaki goma sha biyu ba ya bukatar fiye da haka. Ƙara abu ɗaya da ba ya ɓangaren kowa, wata dabba ko wani abu mai cin shara, ka tsaya nan. Nau'i huɗu zuwa shida sun wadatar. Amfanin taƙaitawa shi ne 'yan wasa suna koyo: a faɗan farko gobilin ya harba ya ɓuya ya ba su wahala, a na biyu sun san dabararsa sun tare masa hanya. Wannan koyon shi ne rabin daɗin wasan, kuma ba ya samuwa idan kowane ɗaki baƙon dodo ne.

Tambayar abinci tana warware abubuwa da yawa. Gobilin suna fita farauta da fashi, saboda haka suna bukatar hanyar fita da ba ta bi ta cikin matattu ba. Gul, dodon nan mai cin gawa, me yake ci a ƙasa? Gobilin suna jefa gawarwakinsu ta wani rami don su zauna lafiya da shi. Ga shi ka sami rami a taswira, ka sami wari da 'yan wasa za su ji kafin su ga komai, ka kuma sami abin da gobilin da aka kama zai faɗa in an matsa masa. Me ya sa wani lungu tas yake, ba ƙura ba ƙashi? Domin dunƙulen yauƙin nan mai kusurwa huɗu yana bi yana sharewa. Faɗinsa ƙafa goma ne, daidai da faɗin lungu, ana ganin abin da ke bayansa kamar gilashi, kuma in bai motsa ba sai an ci jifar lura ta 15, wato a jefa ɗan ludo mai fuska ashirin a haɗa da ƙarin jarumi ya kai 15, kafin a gan shi. Tsabtar lungun ita ce gargaɗi. Ɗan wasa mai hankali zai tambaya, wanda bai tambaya ba ba zai ce an cuce shi ba.

Kada ka cika kowane ɗaki. A ƙa'idojin wasan na 1981 akwai hanyar cika kogo da ɗan ludo mai fuska shida: 1 ko 2 dodo, 3 tarko, 4 wani abin mamaki, 5 ko 6 ɗaki fanko. Kashi ɗaya cikin uku ke nan na ɗakuna ke da dodo. A naka, ɗaki huɗu, ko biyar in ka matsa. Ɗakin da ba kowa ba asara ba ne. A nan ake ganin sawu da ragowar abinci, a nan ake hutawa, ta nan ake zagayawa a ɓullo wa maƙiyi ta baya.

Sai aikin da kowane dodo zai yi a fagen faɗa. Akwai mai tare gaba, mai jini da yawa, wato lambar ɓarnar da zai sha kafin ya faɗi, wanda ke cinye bugu. Akwai mai harbi daga nesa. Akwai mai bugu ya tsere. Akwai mai ɗaure jarumi ko ya raunana shi. Faɗa yana daɗi idan aƙalla biyu daga cikin waɗannan sun haɗu, domin a nan ne 'yan wasa ke da zaɓi: mu fara da wa? Gawa mai tafiya, wato zambi, jininsa 22, sulkensa, wato lambar da jifar hari za ta kai kafin a same shi, 8 kacal, tafiyarsa ƙafa 20 a zagaye, wato karon da kowa ke motsi sau ɗaya. Shi kaɗai buhun duka ne. Sa huɗu a ƙofa, ka ɗora kwarangwal biyu masu baka a kan baranda a bayansu, sai labari ya canza. Zambin ya zama katanga, kiban suna sauka, dole wani ya nemi hanyar hawa.

Yanzu buɗe littafin, mu yi lissafi. Kowane dodo yana da lambar haɗari, wadda ake rubuta wa CR, da makin da ke tafe da ita, wato XP. A bugun 2014, wato fitowar farko ta bugu na biyar, dodo mai CR 1/8 maki 25 ne, mai 1/4 maki 50, mai 1/2 maki 100, mai 1 maki 200, mai 2 maki 450, mai 3 maki 700. Jarumi ɗaya na mataki na uku, faɗa mai sauƙi gare shi maki 75 ne, matsakaici 150, mai wuya 225, mai kisa 400. Naka huɗu ne, sai ka ninka: 300, 600, 900, 1,600. Bayan ka tara makin dodannin, akwai ninki na yawa. Dodo ɗaya a bar shi yadda yake, biyu a ninka da ɗaya da rabi, uku zuwa shida a ninka biyu, bakwai zuwa goma a ninka biyu da rabi. Gobilin shida maki 300 ne, ninka biyu, 600, faɗa matsakaici ke nan. Idan 'yan wasa ba su kai uku ba ana hawa ninki na gaba, idan sun kai shida ana sauka ɗaya. Bugun 2024 ya cire wannan ninkin gaba ɗaya, ya kuma sake lambobin dodanni da dama, saboda haka duba wanne ne a hannunka, kada ka gauraya teburin wannan da dodannin wancan.

Lissafin nan awo ne na fatar baki, ka riƙe shi da hannu biyu amma kada ka rantse da shi. Abin da ya fi shi ƙarfi shi ne yawan bugun da kowane ɓangare ke kaiwa a zagaye ɗaya. Ɗauki ogur, ƙaton nan mai kulki: CR 2, jini 59, sulke 11, bugu ɗaya a zagaye, matsakaicin ɓarnarsa 13. Jarumanka huɗu, kowa yana ƙara kamar 5 a jifarsa, za su same shi sau uku cikin huɗu. In kowane bugu ya ci 8 ko 9, suna zubar masa da kusan 25 a zagaye. A zagaye na uku ya faɗi, ya kai bugu biyu ko uku, wataƙila ɗaya ya kuskure. Gobilin shida kuwa, kowa yana ƙara 4, a kan jarumi mai sulke 15 suna samu rabin lokaci, kowane bugu 5 ko 6. Wajen 16 ke nan a zagayen farko, ninki biyu na abin da ogur ke yi in an cire kuskurensa. Kuma gobilin yana iya janyewa ko ɓuya a kowane zagaye bayan ya kai hari, ba tare da ya rasa harin ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, a wannan wasan da lamba ake ganinsa.

Daga nan ne kuskuren da ya fi yawa yake fitowa, wato ajiye babban dodo shi kaɗai a ɗakin ƙarshe. Mai jan wasa ya yi mako yana gina sunansa, 'yan wasa suka shiga, suka rigaye shi jifar fara motsi, suka kewaye shi, ya mutu bai buɗe baki ba. Maganin ba ƙara masa CR ba ne. In ka ɗauko dodo mai CR 5 ko 6 don ya daɗe, bugunsa ɗaya zai kwantar da jarumi, faɗan ya koma caca: ko su kashe shi da wuri ko ya share su ɗaya bayan ɗaya. Ba shi 'yan rakiya. Ogur da gobilin biyu masu baka, 450 da 100, ninka biyu, 1,100. Faɗa mai wuya ne na gaskiya, kuma kowa a tebur yana da abin yi.

Akwai dodannin da lambarsu ƙarya take yi, waɗannan ka san su da suna. Na farko inuwa, CR 1/2, jini 16. Duk bugun da ta samu tana zuƙe ƙarfin jiki da ɗan ludo mai fuska huɗu, kuma duk wanda ƙarfinsa ya kai sifili ya mutu nan take, komai yawan jininsa. Matsafi mai ƙarfi 8 bugu uku ko huɗu ne tsakaninsa da kabari. Inuwa huɗu a takarda maki 800 ne, ko mai wuya bai kai ba, amma in duk suka taru a kan mutum ɗaya zagaye biyu sun isa. Na biyu gul, CR 1. Faratansa suna sandarar da jiki in an faɗi jifar tsira ta 10, kuma wanda ya sandare duk bugun da aka same shi da shi daga kusa mummunan bugu ne mai ninka ɗan ludo. Jifar 10 ba ta da wuya, sai dai gul uku suna sa a yi ta jifa har wani ya faɗi. Biyu sun ishe ka a mataki na uku. Na uku mutum-ɓera, CR 2, wanda a bugun 2014 makamin da ba na azurfa ba kuma ba na sihiri ba ba ya yi masa komai. In jarumanka ba su da ko ɗaya, mayaƙi da ɓarawo sun zama 'yan kallo. Dodon tsatsa ba ya kisa sosai, sulke da takobi yake ci, amma ɗan wasan da ya rasa sulken da ya tara kuɗi ya saya yakan fi jin zafi a kan wanda jininsa ya zuba. Ba cewa nake kada a yi amfani da su ba. A yi, amma a sa alama a gaba: gawa marar rauni da ta yamushe, takubba da suka zama gari a bakin ƙofa, wuƙar azurfa a hannun wani mahaƙi da ya mutu. A ramin azurfa ma wannan ta zo daidai.

Da jarumanka a mataki na ɗaya suke da na ja kunnenka a kan ogur ɗin ma. Matsafi na mataki na ɗaya yakan zo da jini 8. Ƙa'ida ita ce in ragowar ɓarna bayan jini ya ƙare ta kai cikakken jininsa, ya mutu ba jifar ceto. Bugun 16 ke nan, kuma kulkin ogur yana kai 16 ko fiye a kusan bugu ɗaya cikin huɗu da ya samu. A mataki na uku wannan haɗarin ya ragu sosai.

Duba takardun 'yan wasanka kafin ka rufe zaɓi. Abin da za ka nema biyu ne: me kowa ya iya, kuma me zai kashe faɗan da jifa ɗaya. Sihirin barci a bugun 2014 yana kwantar da jini 5d8, wato jimlar ɗan ludo biyar masu fuska takwas, matsakaici 22, gobilin uku ke nan masu jini 7 kowanne. Ka bar shi ya yi aiki sau ɗaya ko biyu, wanda ya zaɓe shi don haka ya zaɓa. A hawan ƙasa kuwa ba ya kama matattu, sai matsafin ya nemi wata dabara, a nan kuma mai addu'ar korar matattu zai haska. Kwarangwal yana jin bugun guduma ninki biyu, wannan kyauta ce ga mai guduma. Kyakkyawan zaɓi shi ne kowane jarumi ya sami faɗa ɗaya da ya zama nasa, da faɗa ɗaya da abin da ya saba dogara da shi bai yi ba. Abin da ba shi da kyau shi ne a zaɓi dodanni duka don a toshe mutum ɗaya, zai gane, kuma yana da gaskiya in ya ji haushi.

Ɗaki da dodo tare ake zaɓarsu. A taswira kowane gida ƙafa biyar ne. Mutum yana cin gida ɗaya, ogur yana cin huɗu, biyu a tsaye biyu a kwance. In ka sa shi a lungu mai faɗin ƙafa biyar matsewa zai yi, harinsa ya raunana. Masu baka a ɗakin ƙafa ashirin ba su da amfani, a zagayen farko an cim musu. Ba su zaure mai tsawon ƙafa sittin, da tudu ko tarin duwatsu da za su laɓe. Gobilin yana gani a duhu har ƙafa sittin, saboda haka ba shi da dalilin kunna fitila a gidansa, kuma jarumin da ya shigo da tocila shi ne abin harbi. Ƙananan dodanni masu yawa suna son ɗaki mai ƙofa biyu ko uku. In ƙofa ɗaya ce, mayaƙi zai tsaya a bakinta ya yi ta yanka su ɗaya ɗaya, yawan nasu ya tashi a banza. Wani lokaci ka bar musu hakan da gangan, lada ce ga wanda ya karanta taswira.

Ka tuna kuma sauti yana tafiya. In ɗakin masu gadi yana jikin babban zaure, ihun farko zai jawo na ciki, faɗa biyu matsakaita su haɗe su zama ɗaya mai kisa. Rubuta tun yanzu wa ke jin wa, kuma zagaye nawa zai ɗauka kafin ya iso. Biyu ko uku ya yi, don 'yan wasa su ji takun ƙafa su yanke shawara.

Ba kowane dodo ne na kashewa ba, kuma tsoffin ƙa'idoji sun fi na yanzu kula da wannan. Suna da jifa biyu da za ka ara kai tsaye. Ta farko jifar tarba: in an haɗu, a jefa ɗan ludo biyu masu fuska shida, 2 hari nan take, 6 zuwa 8 dodon yana shakka, 12 tarba ta abota, sauran suna tsakani. Ta biyu jifar ƙarfin zuciya: kowane dodo yana da lamba daga 2 zuwa 12, a jefa biyun in na farkonsu ya faɗi, a sake in rabinsu sun faɗi, in jifar ta wuce lambar sai su gudu ko su miƙa wuya. Ka ba gobilin 7, ka ba kwarangwal 12 don ba ya tsoro. Wannan kaɗai yana bambanta hawa biyun fiye da kowace lamba. Yana kuma rage faɗan da ke jan ƙafa bayan kowa ya san wanda zai ci. Ogur ɗin nan da gobilin suka ɗauka haya da abinci, wanda ya ba shi abin da ya fi zai iya sayensa. Rubuta wa kowane gida layi ɗaya na abin da yake so da layi ɗaya na abin da yake tsoro.

In littafin bai da abin da kake so, kada ka ƙirƙiri lambobi daga sama. Ɗauki na dodon da aka riga aka gwada ka sauya masa fata. Lambobin kyarkeci, ka kira shi ƙadangaren kogo marar ido, ba wanda zai gane, kuma tsohon ɗan wasan da ya haddace littafi zai dawo yana tsoro kamar sabo. In za ka taɓa lambobin, taɓa abu ɗaya, ko gudu, ko irin ɓarnar, ko wata baiwa guda. Ƙara jini ba shi da haɗari sosai, ƙara ɓarna da yawan bugu shi ke kashe jarumai ba zato. Dodannin da na ambata duk suna cikin kundin ƙa'idoji na kyauta, SRD, wanda kamfanin wasan ya saki ga kowa a ƙarƙashin lasisin Creative Commons a Janairun 2023, ba sai ka sayi komai ba.

To ga yadda ramin azurfar zai kasance. Bakin rami, gobilin huɗu masu gadi, maki 400 bayan ninki, faɗan ɗumama jiki. Babban zaure, shugabansu bugbiya, ƙaton ɗan'uwan gobilin mai gashi, CR 1, da gobilin huɗu, 800. Ka kula da shi, in ya yi wa mutum kwanton ɓauna yana ƙara 2d6 a bugun farko. Lungun da ya haɗa sama da ƙasa, dunƙulen yauƙi, 450, tafiyarsa ƙafa 15 ce kawai, ana iya tsere masa ko a ja shi zuwa kan maƙiya. Makabarta, gul biyu, 600. Ɗakin taska, ogur da maharba biyu, 1,100. Jimla 3,350. Littafin jagora na 2014 ya ba jarumin mataki na uku maki 1,200 a yini kafin dogon hutu, na huɗu 4,800, saura 1,450 ke nan. Kada ka cike wannan gibin da sabbin ɗakuna, na dodanni masu yawo ne. Duk minti ashirin na cikin wasa, ko duk lokacin da aka yi hayaniya, jefa ɗan ludo ɗaya, in 1 ta fito wani abu ya zo. Yi tebur na jifar ludo biyu, ka sa sintirin gobilin uku a 7 don ita ta fi fitowa, sau shida cikin 36, kwarangwal da ƙattan ɓeraye a gefenta, inuwa guda ɗaya tak a 2, wani mahaƙin dukiya da ya ɓata a 12. Gobilin da aka kashe a sintiri ka cire shi daga adadin zaure.

Kowane faɗa ka rubuta shi a ƙaramin kati: sulke, jini, abin da ake ƙarawa a jifar hari, ɓarna, baiwa ɗaya da ba ka so ka manta, abin da dodon zai yi a zagayen farko, da lokacin da zai gudu. Bayan faɗan bakin rami ka ƙirga zagaye nawa ya ɗauka da jinin da ya zuba. In sun gama a zagaye biyu ba wanda ya ji ciwo, ƙara gobilin biyu a zaure. In wani ya faɗi tun a can, cire maharbi ɗaya daga ɗakin taska, ka kuma bar gul ɗaya yana cin gawa a can ƙuryar makabarta, sai zagaye na biyu ya ɗago kai.